Bin Sawun Gidan Fugger a Birnin Augsburg

A Jamus da sunan gida ake neman mutum, ba da lambar ɗaki ba. Bene mai hawa biyar za ka tarar da jerin maɓallan ƙararrawa a bakin ƙofa, kowanne da ɗan farin allo a gefensa ɗauke da suna guda, haka ma akwatunan wasiƙa. In sunanka ba ya jikin akwatin, mai raba wasiƙa zai iya komawa da takardarka ko da kana cikin gidan. Ɗan ƙanwata da na sauka a wurinsa a Munik shi ya riƙa karanta mini waɗannan allunan in mun fita.

"Kawu, yawancinsu fa sana'o'i ne," in ji shi. Müller mai niƙa, Schmidt maƙeri, Schneider maɗinki, Fischer masunci, Weber masaƙi, Becker mai gashin burodi, Wagner mai ƙera keken doki. Mutum yana likita ko alƙali, amma sana'ar wani kakansa na shekaru 600 da suka wuce tana manne a ƙofarsa.

Da can Jamusawa suna ɗaya suke amsawa. Daga ƙarni na 12 birane suka cika, masu suna Hans da Heinrich suka yi yawa, magatakardan haraji suka shiga ƙara wa kowa laƙabi: na sana'arsa, ko na garin da ya fito, ko na ubansa, ko na wata kama ta jikinsa. Mu ma muna da Audu Maƙeri da Sule Mai Goro, kuma makarantar boko ta liƙa wa mutane sunayen garuruwansu, shi ya sa muka san Aminu Kano da Shehu Shagari. Sai dai laƙabinmu yakan bi mai shi kabari, ɗa ya ɗauki sunan ubansa na yanka. Nasu ya zama gado, tun da takarda ta riƙe shi. A 1876 gwamnati ta karɓi rajistar haihuwa da aure da mutuwa a duk faɗin ƙasar, daga nan ko harafi ɗaya ba ya sauyawa sai da izini.

Ni ɗan kasuwar yadi ne, kakana kuwa masaƙi, don haka sunan da ya ja ni shi ne Fugger, gidan masaƙa da suka kai ga ba sarakunan Turai bashi. Garinsu Augsburg, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a jirgin ƙasa daga Munik. Lokacin kaka ne nasu, ganyaye sun yi ja suna zuba, sanyi kuwa har cikin ƙashi. Birnin tsoho ne ƙwarai, Rumawa suka kafa shi shekara 15 kafin haihuwar Annabi Isa, sunansa ma daga sarkinsu Augustus ya samo asali. Mutanensa a yau wajen 300,000 ne, kuma ko'ina ka bi a tsohuwar unguwar masu sana'a za ka ji ƙarar ruwa, domin an janyo kogin Lech ta ƙananan magudanai yana ratsawa ta gindin gidaje.

Muka fara tsayawa a dandalin Moritzplatz, gaban gidan ƙungiyar masaƙa, wanda aka zane bangonsa da launuka tun daga ƙasa har sama. Nan labarin ya soma. A littafin harajin birnin na 1367 akwai kalmomi biyu da Latin, "Fucker advenit", wato Fugger ya iso. Haka aka rubuta sunan a lokacin, sai daga baya rubutun ya zauna a yadda yake yanzu. Wanda ya iso ɗin Hans ne, daga wani ƙauye da ake kira Graben a kudancin birnin. Duk sarautu da fadoji da dazuzzukan da zuri'ar ta mallaka daga baya, wannan layi guda na magatakardan haraji shi ne mafarinsu a rubuce.

Yadin da ya yi wa Augsburg suna shi ne Barchent. Zaren tsaye na lilin ne, wanda suke nomawa a gida, na kwance kuwa auduga ce, wadda ba ta fita a ƙasarsu. Daga Sham da Masar take zuwa ta teku zuwa Venis, sannan a ɗauro ta a ƙetaro da ita duwatsun Alps. Duk wanda ya san harkar zare ya gane inda ribar take: masaƙin da ke zaune a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai laima, don kada zare ya tsinke, ba shi ke cin moriyar ba. Mai kawo auduga ya ba da ita bashi, ya dawo ya karɓi yadi, shi ne mai kasuwar. Hans ya gane haka da wuri, ya tashi daga gaban masaƙa ya koma wancan ɓangaren. Ya zama ɗan gari ta hanyar aure, aurensa na biyu kuma ya shigar da shi cikin manyan ƙungiyar masaƙa.

Abin da ya fi burge ni a farkon tarihin gidan nan mata biyu ne. Da Hans ya rasu wajen 1408, matarsa Elisabeth Gfattermann ta riƙe kasuwancin har mutuwarta a 1436, ba ta bari an yi rabon gadon da zai tarwatsa jarin ba. Haka kuma da ɗanta Jakob Babba ya rasu a 1469, matarsa Barbara Bäsinger, 'yar shugaban gidan buga kuɗi na birnin, wadda ta haifa masa 'ya'ya goma sha ɗaya, ta karɓi ragama, dukiyar ta ci gaba da haɓaka a hannunta. Sunan da duniya ta sani na maza ne, amma sau biyu ana kaiwa inda gida ke rushewa, sau biyu gwauruwa ce ta tallabe shi.

A tsakiyar ƙarni na 15 'ya'yan Hans biyu, Andreas da Jakob Babba, suka raba jari. Gidan Andreas ne ya fara haskawa. A 1462 sarkin daular da ta haɗa ƙasashen Jamus a wancan zamani, Friedrich na Uku, ya ba su tambari mai hoton barewa, aka riƙa ce musu Fugger na Barewa. Gidan Jakob sai a 1473 suka sami nasu, mai furanni biyu. Sarkin ne ya ratso ta Augsburg zai je Trier neman wa ɗansa aure, aljihu babu nauyi, ga fadawa babu suturar fita kunya. Ulrich, babban ɗan Jakob, ya tufatar da su da yadi da alharini. Aka biya shi da tambari, suka zama Fugger na Fure. Suna ɗaya, kaka ɗaya, amma daga nan ƙaddarar gidajen biyu ta rabu.

Daga Moritzplatz muka gangara babban titin Maximilianstraße, inda gidajen Fugger suka mamaye dogon layi guda. Jakob ƙarami ya gina su tsakanin 1512 da 1515, wanda ake wa laƙabi da Mai Arziki. An haife shi a 1459, na goma a ɗakin Barbara, kuma tun yana yaro aka tura shi Venis, masaukin fataken Jamus, ya koyi lissafin littafin shiga da fita. Mun shiga wani tsakar gida da ake kira farfajiyar mata, mai ginshiƙan marmara da bakuna irin na Italiya, ƙasa shimfiɗe da ƙananan duwatsun kogi. Ba shi da girman da na zata. Mutumin ya fi son kuɗinsa su yi aiki da su zauna a bango.

Dabararsa jingina ce. A 1488 ya ranta wa Sigismund, mai mulkin Tirol, gulden 150,000, wato kuɗin zinariya na wancan zamani, ya karɓi azurfar ramukan Schwaz a matsayin biya, a farashin da ya gaza na kasuwa. A 1494 ya haɗa gwiwa da gidan Thurzo suka kama haƙar jan ƙarfe a Neusohl, garin da ke Slovakiya a yau da sunan Banská Bystrica. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, har da sarki, kuma Jakob bai taɓa ranta wa sarki kuɗi a kan alkawarin baki ba. Sai da rami, ko gari, ko haraji a hannu. Ta haka Kirchberg da Weißenhorn suka shigo hannunsa a 1507, jikan masaƙi ya zama mai ƙasa, a 1514 kuma aka naɗa shi sarautar Graf, wato hakimi.

A 1519 aka zo zaɓen sabon sarkin daula. Masu zaɓe bakwai ne, kowannensu da farashinsa, 'yan takara kuma Karl na Sifaniya da Faransuwa na Faransa. An kashe wajen gulden 850,000 a kan Karl, fiye da 540,000 daga aljihun Fugger suka fito. Da biya ya yi jinkiri, a 1523 Jakob ya rubuta wa Karl na Biyar wasiƙa yana tuna masa cewa kowa ya san ba don shi ba da bai hau gadon ba, a lissafa kuɗinsa da ruwansu a biya shi. Na daɗe ina juya wannan a raina a kan titin. Ba jarumta kawai na gani a ciki ba, na ga ranar da sarauta ta zama haja.

Batun kuɗin ruwa ma bai wuce salin alin ba, domin cocinsu a wancan zamani ya haramta shi kamar yadda addininmu ya haramta. Jakob ya mara wa wani malamin addini, Johannes Eck, baya ya je Bologna a 1515 ya yi muƙabala cewa kashi biyar cikin ɗari halal ne. Kuma bashin da wani babban limami, Albrecht na Brandenburg, ya ci a wurin Fugger don sayen muƙami yana cikin abin da ya haddasa sayar da takardun yafe zunubi, wanda Martin Luther ya yi wa bore a 1517. A cikin waɗannan gidaje na Maximilianstraße wakilin Fafaroma, Cajetan, ya titsiye Luther a watan Oktoban 1518. Luther ya sauka ne a gidan ibada na St. Anna, inda Jakob ya gina wa kansa da 'yan'uwansa makwanci na alfarma. Muka je muka gani. Jakob ya mutu a ranar 30 ga Disamba 1525 yana riƙe da Katolikancinsa gam, cocin kuwa ya koma hannun mabiya Luther, har yau yana kwance a cikinsu.

Bai bar ɗa ba. Ɗan ɗan'uwansa Anton ya gaje shi, a hannunsa jarin ya kai wajen gulden miliyan 5 a 1546.

Da rana muka shiga gidan tarihin Fugger da Welser, wani gidan manyan fataken Augsburg na zamaninsu, kuma a nan ne labarin ya iso gida. Akwai wasu mundaye na tagulla masu buɗaɗɗen baki, ba ado ba ne, kuɗi ne. Turawan Fotugal suna kiransu manilla, da su suke sayen zinariya da hauren giwa da barkono a gaɓar Afirka ta Yamma, da su kuma suke sayen mutane. A 1548 kamfanin Fugger ya ƙulla yarjejeniya da fadar Fotugal ta kawo irin waɗannan mundaye masu ɗimbin yawa don Elmina, a Ghana ta yau, da sauran gaɓar Gini. A 2008 masu haƙar lu'ulu'u a Oranjemund ta Namibiya suka tono wani jirgin Fotugal da ya nitse a 1533, cikinsa maƙil da curin jan ƙarfe, kowanne da hatimin Fugger mai kama da mashi mai baki uku. Wani bincike na 2023 kuma ya nuna cewa tagullar da maƙeran masarautar Benin ta Najeriya suka narka suka zuba shahararrun gumakansu da allunansu daga yankin Rhein na Jamus ta fito, a siffar waɗannan mundaye. Su ne kayan da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, wanda Jamus ta fara mayar wa Najeriya da nata kason a 2022.

Ɗan ƙanwata ya yi shiru a gaban gilashin, sannan ya ce, "Kawu, ashe mu ma muna cikin littafinsu." Muna ciki, amma a shafin kaya. Ina ganin duk wanda zai ba da tarihin gidan nan ya tsallake munduwar nan, bai ba da shi duka ba, kuma na yaba da yadda ba a ɓoye ta a ɗakin ajiya ba.

Daga nan muka taka zuwa Fuggerei, wurin da ya fi kawo baƙi garin. Unguwa ce cikin katanga, da ƙofofinta, da 'yan lunguna, da cocinta. Jakob ya soma gina ta a 1516, ya sa hannu a takardar waƙafinta ranar 23 ga Agusta 1521. Da gidaje 52 ta fara, yanzu 67 ne, an kasa su kashi 142, mutum wajen 150 ke ciki. Bangayen ruwan ƙasa-ƙasa ne mai rawaya, tagogi da ƙofofi kore, ganyen inabin daji ya lulluɓe su ya yi jajir. Kuɗin haya gulden ɗaya ne a shekara tun ranar farko, ba a taɓa ƙarawa ba, wanda a kuɗin yau ya kama santi 88 na Yuro. Wuta da ruwa da ɗumama ɗaki mai gida ke biya. Sauran hayar addu'a ce: sau uku kullum mazaunin zai yi wa wanda ya kafa wurin da zuri'arsa. Sharuɗɗan shiga ba su canja ba, sai ɗan Augsburg, mabiyin Katolika, mabuƙaci, mai mutunci.

Kalmar mutuncin nan ita na gani a ginin kansa. Kowane gida hawa biyu ne, iyali ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, amma kowa da ƙofarsa ta waje, ba mai bi ta gaban wani. Na ƙasa yana da ɗan lambu a baya, na sama yana da rumbu a ƙarƙashin rufi. A gefen kowace ƙofa akwai sandar ƙarfe ta jan ƙararrawa, kuma mariƙin kowace daban yake: wannan zobe, wancan curi, na gaba murɗaɗɗe, wani kamar ganye. Na bi layi guda ina kama su ɗaya bayan ɗaya, ƙarfen ya yi sanyi ya yi santsi don shafar hannuwa. An ce saboda dare ne, lokacin da babu fitilar titi, mutum ya lalubo ƙofarsa da tafin hannu. Ba gidan bara Jakob ya gina ba. Masu sana'a da 'yan ƙodago ya nufa, waɗanda suke aiki amma abin bai isa ba, su sami inda za su tsaya da ƙafarsu. Ɗaya daga cikinsu magini ne, Franz Mozart, wanda ya zauna a lungun Mittlere Gasse daga 1681 har mutuwarsa a 1694. Shi ne kakan mahaifin mawaƙin nan Mozart.

Wata dattijuwa ta fito da tsintsiya tana share ganye a ƙofarta, muka gaisa, ɗan ƙanwata yana yi mana tafinta. Na ce ya tambaye ta ko dokar rufe ƙofa tana nan. Ta ce tana nan daram, ƙarfe goma na dare ake kullewa, wanda ya makara sai ya bi ta ƙofa guda inda mai gadi yake, ya ba shi santi 50, in dare ya raba kuma Yuro ɗaya. Batun addu'a fa? Ta ce ba mai bin ka ya duba, tsakaninka da Ubangijinka ne.

A daren 25 ga Fabrairu 1944 jiragen yaƙi suka yi wa Augsburg ruwan bama-bamai, mafi yawan Fuggerei ta ƙone. Mazaunan sun tsira a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa da aka gina shekara guda kafin nan, wanda yanzu ake shiga a ga hotunan ɓarnar. Zuri'ar ba ta jira gwamnati ba, ta sake gina unguwar, har ta faɗaɗa ta. Kuɗin daga daji suke fitowa. Bayan an sha asara a bashi, magabatansu sun mayar da jarin waƙafin gandun itatuwa, fiye da hekta 3,000 a yau, ana sayar da katako, ana haɗawa da kuɗin shigar baƙi irinmu.

Ban fito daga wurin da hukunci guda a kan Jakob ba. Wanda ya sayi zaɓen sarki, ya nemi a halatta masa kuɗin ruwa, shi ne kuma ya tsara waƙafin da ya shekara 500 yana rufa wa talaka asiri. Abin da na tabbatar shi ne, kamfanin ya mutu tun tsakiyar ƙarni na 17, bayan sarakunan Sifaniya sun yi ta kasa biyan bashi daga 1557, amma sunan bai mutu ba, kuma ba jinin Jakob ne ya raya shi ba tun da bai haihu ba. Gidajen nan ne, da rubutu. Tun a shekarun 1540 suka sa aka yi musu littafin asali mai hotunan kakanni da tamburan matan da suka auro, kuma takardunsu suna nan a taskar iyali a garin Dillingen. Rassa uku suka rage, na Babenhausen, da na Glött, da na Kirchberg, dattawansu ne ke zama su kula da waƙafin. A wajen gida ma sunan ya shiga bakin mutane: a kudancin Jamus in ana cinikin musaya sai a ce ana "fuggern", a Sifaniyanci kuma hamshaƙin mai kuɗi "fúcar" ne, har da titi mai wannan suna a Madrid.

Duk wannan labarin gidan Fure ne. A jirgin komawa na tambayi ɗan ƙanwata ina gidan Barewa suka shiga, su da suka riga samun tambari. Lukas, ɗan Andreas, shi ma ya ranta wa Maximilian, ɗan Friedrich na Uku, kuɗi, sarkin da ya azurta Jakob ƙarami. Amma bai karɓi rami ko ƙasa ba, ya yarda da lamunin birnin Leuven na Beljiyam ta yau. Leuven ta ƙi biya, sarki bai tilasta mata ba, kafin ƙarni na 15 ya ƙare Lukas ya karye. 'Ya'yansu da jikokinsu suka watsu, wasu suka koma sana'ar hannu, wasu suka zama ma'aikata a kantunan 'yan'uwansu na gidan Fure. Ɗaya ya bi ta Nürnberg ya sauka a Warsaw ta Poland a farkon ƙarni na 16, inda bakin mutanen garin ya mayar da sunan Fukier. Zuri'arsa suka yi ɗaruruwan shekaru suna fataucin ruwan inabi, kuma gidansu da ke dandalin tsohuwar kasuwar Warsaw har yanzu da sunan Fukier ake kiransa.